Kwana takwas a tsaunukan Sikotlan da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto

Duk wanda ya halarci ɗaurin aure ko kamu a Abuja, Legas ko Fatakwal a 'yan shekarun nan ya san ƙugin nan mai kama da na taron ƙudan zuma, wanda ke sa yara su ɗaga kai sama suna miƙa hannu. Ƙaramin jirgi ne marar matuƙi mai ɗauke da kyamara, wanda samari ke kira diron. Da can sai masu sana'ar hoto ke da shi, amma yanzu ya shiga gidaje, musamman samfurin Mini na kamfanin DJI da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Nauyinsa giram 249 ne kacal, kuma idan aka naɗe hannayensa yana shiga aljihun babbar riga. Saboda haka da zarar an ce za a fita waje hutu, shi ne abin da yaro ke fara jefawa cikin jaka, tun kafin ya tuna da burushin haƙori.

Abin da ba a cika gaya wa iyaye ba shi ne, abin da muke ɗauka na wasa a tsakar gida, a bakin iyakar wata ƙasa kallon kayan leƙen asiri ake yi masa. Maroko ta hana shigo da shi ba tare da izini ba tun 2015, kuma jami'an kwastan kan riƙe shi a filin jirgi. A Masar, dokar da aka yi a 2017 ta haramta shigo da shi ko mallakarsa sai da izinin Ma'aikatar Tsaro, hukuncin kuwa yana iya kai wa ɗaurin shekara bakwai. Hadaddiyar Daular Larabawa ta dakatar da masu tashinsa don nishaɗi a watan Janairun 2022, bayan harin da aka kai Abu Dhabi, daga baya ne aka fara sassautawa bisa sharuɗɗa. A Iran, wani Bafaranshe ɗan yawon buɗe ido, Benjamin Brière, ya tashi nasa kusa da iyakar Turkmenistan a 2020, aka yanke masa shekara takwas bisa zargin leƙen asiri, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai a 2023. Mai karatu zai lura cewa uku daga cikin ƙasashen nan su ne iyalanmu suka fi zuwa hutu ko asibiti ko sarin kaya. Wanda zai tafi Umara kuwa, gara ya bar shi a gida tun da wuri, babu abin da zai yi da shi a Makka ko Madina.

Har wanda zai bi ta waɗannan ƙasashe kawai ya kamata ya yi tunani. Idan jiran jirgi na gaba ya yi tsawo aka ce a fita otal a kwana, to an bi ta hannun kwastan ke nan da duk abin da ke cikin jakar hannu.

Mu Birtaniya muka nufa, a farkon watan Yuli, don bikin kammala karatun ƙanina a wata jami'a a Gilasgo. Ni ne da uwargida da ɗanmu mai shekara 15 da autarmu mai shekara shida. Muka ɗauki jirgin da ke tashi kai tsaye daga Abuja zuwa Landan, daga nan muka hau jirgin ƙasa na kimanin awa huɗu da rabi zuwa Gilasgo. Dokar Birtaniya a kan wannan jirgi a fili take, kuma baƙo yana iya cika ta ta intanet tun yana gida. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar tana bayar da lamba iri biyu. Ta farko ta mai jirgin ce, sai wanda ya kai shekara 18 ake ba, ana biyan fam goma sha wani abu a shekara, kuma dole a manna lambar a jikin jirgin. Ta biyu ta mai tuƙi ce, kyauta ce, amma sai an ci jarrabawa mai tambaya 40 da aƙalla maki 30, kuma tana aiki shekara biyar. Daga 1 ga Janairun 2026 duk jirgin da ya kai giram 100 sai mai tuƙinsa ya mallaki wannan ta biyun. Ni da yaron muka zauna muka yi jarrabawar dare guda a falo, ya fi ni maki, bai kuma bar maganar ta kwanta ba har muka dawo.

Jarrabawar ce ta koya masa abin da baki ba zai koya masa ba. Ba a wuce tsayin mita 120 daga ƙasa. Ba a barin jirgin ya ɓace wa ido, ko da hoton yana fitowa tas a waya. Ba a bi ta kan taron jama'a. Ba a kusantar filin jirgin sama, inda shingen ke kai wa kusan kilomita 5 daga bakin titin sauka. Turawan ba sa wasa da wannan na ƙarshe, domin a watan Disamban 2018 rahoton ganin irin waɗannan jirage ya sa an rufe filin jirgin Gatwick, aka soke ko aka karkatar da tashi kusan 1,000, fasinja kimanin 140,000 suka yi cirko-cirko ana gab da Kirsimeti. Wanda ya jefa jirgin fasinja cikin haɗari yana iya shan ɗaurin shekara biyar.

Maganar batir ita ce ta shafi lafiyar kowa a cikin jirgi. Batirin lithium idan ya huje ko ya matsu ko bakinsa ya haɗu da ƙarfe, yakan yi zafi ya kama da wuta, wutar kuma tana da wuyar kashewa. Shi ya sa ba a yarda a sa batirin ajiya cikin akwatin da za a loda a ƙasan jirgi, sai a jakar hannu, inda ma'aikata za su ga hayaƙi da wuri. Wanda ƙarfinsa bai kai awa-wat 100 ba ba ya buƙatar izini, na ƙananan jiragen nan kuwa bai ma kai kashi ɗaya bisa huɗu na hakan ba. Mun rage cajin namu guda uku zuwa ƙasa da rabi, muka liƙe bakinsu da salatif, kowanne cikin 'yar jakarsa. Batirin da ya kumbura ba na tafiya ba ne, ko a gida ma bai kamata ya kwana ɗakin yara ba. Shi kansa jirgin kuma, wasu kamfanoni a hannu suke so, wasu a akwati, don haka a tambaya kafin ranar tafiya. Abu ɗaya da ya zo da sauƙi, bakin soket ɗin Birtaniya irin namu ne mai ƙafa uku.

A Gilasgo da Edinbara jirgin bai fito daga jaka ba. Birni ne, ga jama'a, ga filayen jirgi, ga wuraren tarihi da masu kula da su ba sa yarda sai da takarda. Sai da aka gama biki muka yi hayar mota, ƙanina ya karɓi tuƙi tunda shi ya saba da bin hannun hagu, wanda mu muka bari tun 1972, muka kama hanyar A82 zuwa arewa. Hanyar tana bin gefen tafkin Loch Lomond, sannan ta hau wani fili da ake kira Rannoch Moor, fadama mai faɗin kusan murabba'in kilomita 130, babu gida babu bishiya sai ƙananan tafkuna da duwatsu. A ƙarshen filin wani dutse ya tsaya ƙiƙam kamar an sassaƙa shi, tsayinsa ya ɗan haura mita 1,000. Sunansa a harshen mutanen wurin Buachaille Etive Mòr, wato babban makiyayin Etive. Daga gindinsa ake gangarawa kwarin Glencoe, kusan kilomita 150 daga Gilasgo.

Kwarin nan ne yaron ya ƙwallafa rai a kai tun daga gida. Tsaunuka uku a jere kamar 'yan uwa, ruwa na zubowa ta kowane tsagi, gajimare na shafar kawunansu. Yana da tarihi mai ɗaci kuma. A ranar 13 ga Fabrairun 1692, sojojin gwamnati da suka yi kusan mako biyu suna ci suna sha a gidajen ƙabilar MacDonald a matsayin baƙi, suka tashi da asuba suka kashe masu masaukinsu, mutum kimanin 30 ko fiye, wasu kuma suka mutu a dusar ƙanƙara wajen gudu. Har yau abin da ya fi ci wa mutanen wurin rai shi ne cin amanar baƙunta, abin da kowane Bahaushe zai gane ba sai an yi masa bayani ba. Sai dai yawancin kwarin yana hannun wata ƙungiyar adana kayan tarihi ta Sikotlan tun shekarun 1930, ita kuma ba ta yarda a tashi jirgi daga filinta sai an nemi izininta tun kafin a zo. A nan ne yaro ya fahimci cewa doka biyu ce: sararin sama na hukuma ne, amma ƙasar da za ka tashi daga kanta tana da mai ita. Ya ɓata rai, ya ce, "Abba, ga wasu can suna tashin nasu." Baffansa ya ce masa, "Su idan an kama su tara za su biya su koma gida. Kai biza gare ka, ni ma biza gare ni." Maganar ta ƙare a nan.

Tashin farko a gonar da muka sauka aka yi shi, bayan mai gonar, wata dattijuwa, ta amince da sharaɗin kada a bi ta kan tumakinta. Ta bayyana mana cewa tunkiya tana ɗaukar abin a matsayin shaho, idan ta firgita takan faɗa rami ko ta rabu da ɗanta. Ta kuma ja kunnenmu a kan jiragen yaƙi, domin sojojin saman Birtaniya suna atisayen tashi ƙasa-ƙasa a waɗannan kwaruruka a ranakun aiki, wani lokaci ƙasa da mita 80, wato cikin tsayin da aka yarda wa ƙaramin jirgi. Washegari kuwa muka ga biyu sun wuce ta tsakanin tsaunuka, sai da suka ɓace ƙarar ta iso. Daga ranar muka mayar da tashinmu yamma liƙis.

Yamma liƙis a can ba irin tamu ba ce. A farkon Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, kafin biyar na asuba kuma ta fito, tsakani ma duhun bai cika kankama ba. Mun bi jadawalin sallar babban masallacin Gilasgo, muka kuma yi amfani da sauƙin da aka yi wa matafiyi. Mai ɗaukar hoto yana murna da wannan dogon haske mai launin zinariya, amma uwar yara ba ta murna, domin yarinya 'yar shekara shida ba ta yarda dare ya yi alhali tana ganin rana ta taga. Sai da aka rataya bargo a tagar kafin barcinta ya daidaita.

Lokacin da iska ta kwanta, wanda shi ne mafi dacewa da tashin jirgi, shi ne kuma lokacin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da suka addabi arewacin Sikotlan daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba. Ba su kai ƙwayar gero ba, amma dubbai suke zuwa, su shiga gashi da kunne da hanci. Matan ne ke cizo, kuma da iska ta ɗan motsa ta wuce kilomita 11 a awa ba sa iya tashi. Ba sa sa wa mutum zazzaɓi kamar sauro, ƙaiƙayi ne kawai, sai dai ka yi tunanin mutumin da hannayensa biyu ke kan na'urar tuƙi, idonsa na sama, ba halin ya sosa. Shagunan ƙauyukan suna sayar da man shafawa na korarsu da wata hular raga mai rufe fuska. Uwargida da ta gan mu cikin hular ta ce, "Alhaji, yau ku ma kun ɗanɗana niƙabi."

Wanda ya fi su haɗari shiru yake yi, wato kaska. Neman wurin tashi yana sa a bar hanya a kutsa cikin doguwar ciyawa, inda barewa da tumaki ke kiwo, a nan take maƙale wa mutum a ƙafa ko bayan gwiwa ko ƙugu. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da ƙwayar cutar Lyme. Alamarta ta farko sau da yawa jan tabo ne mai faɗaɗa kamar zobe a inda aka yi cizon, yana fitowa daga kwana uku zuwa wata guda, wani lokaci da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kasala. Lissafin kwanakin nan ne ya kamata iyaye su riƙe, domin yana nufin alamar tana iya bayyana bayan an dawo Najeriya, inda duk zazzaɓi maleriya ko taifot ake fara zato. A gaya wa likita inda aka je da abin da ya ciji yaro. Idan an gano da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana warkar da ita, idan an bari kuwa tana iya taɓa jijiyoyi da zuciya. Kowane dare mukan duba jikin yaran, kuma mun sami guda a idon sawun autar. Da ɗan hantsaki ake kama ta daf da fata a ja a hankali a miƙe, sannan a wanke wurin. Ba a ƙona ta, ba a shafa mata man ja ko kananzir kamar yadda ake yi wa ta dabbobi a gida. Dogon wando da aka cusa cikin safa ya fi kowane magani.

Ita autar, dokarta guda ce: idan jirgi zai tashi ko zai sauka, tana bayan mahaifiyarta. Farfelarsa roba ce, amma gudun da take yi ya isa ya tsaga yatsa, ga shi kuma tsayin da yake shawagi kafin ya sauka daidai yake da fuskar ƙaramin yaro. Salon nan na cafke jirgi da hannu da ake gani a bidiyo na hana shi gaba ɗaya. Akwai garkuwar da ake sa wa farfela, sai dai tana ƙara nauyi har ya wuce giram 250, dokar da ta hau kansa kuma ta canja.

Daga nan muka wuce tsibirin Skye ta gadar da aka buɗe a 1995. Mutanen tsibirin kimanin 10,000 ne, hanyoyinsa da yawa mota ɗaya suke ɗauka, sai an raɓe a wuraren da aka tanada kafin a wuce juna, kowa kuma sai ya ɗaga wa ɗan uwansa hannu. A nan iska ce sarauniya. Kamfanin ya ce jirgin yana jure iska mai gudun kusan kilomita 38 a awa, amma iskar da kake ji a fuska ba ita ce a mita 100 sama ba, ta can ta fi ƙarfi. Dabarar ita ce a fita ana fuskantar iska, a dawo tana turowa, a kuma juyo tun batir yana da kashi 30 cikin 100. Sanyi ma yana cin batir. An rubuta fiye da minti 30 a kwali, mu ba mu taɓa wuce 20 da 'yan kai ba, duk da muna ɗumama batiran a aljihun ciki. A Neist Point, inda hasumiyar jiragen ruwa ta 1909 take a bakin gaɓa, mun yi awa biyu muna jira iska ta lafa ba ta lafa ba, muka ci burodi da kifin gwangwani muka tashi. A dutsen Old Man of Storr kuwa jama'a ce ta yi yawa. Wata rana a bakin teku tsuntsayen ruwa biyu suka taso wa jirgin da kuka, alamar sheƙarsu tana kusa, yaron ya sauke shi nan take. Damun tsuntsu a sheƙarsa laifi ne a dokar ƙasar ta 1981, balle gaggafar teku da aka sake dawo da ita yankin a 1975 bayan ta ƙare.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Mu da ba ma son baƙo ya leƙa mana tsakar gida ta kan katanga, bai kamata a tuna mana cewa iyalin da ke zaune a bakin ruwa ba su zo don su fito a bidiyonmu ba. Duk inda muka tarar da mutane kusa, sai mun yi sallama mun tambaya. Ba wanda ya ƙi, sai wani dattijo da ya ce shiru ya zo nema, muka matsa gaba.

Idan aka tambaye ni ko ɗawainiyar ta biya, zan ce tashi ɗaya ne ya biya ta. A kudancin tsibirin akwai kufai biyu, Boreraig da Suisnish, waɗanda aka kori mutanensu a 1853 don a mayar da ƙasar makiyayar tumaki, kamar yadda aka yi wa ƙauyuka da dama a arewacin Sikotlan a ƙarni na 18 da na 19, har da yawa suka ƙare a Kanada da Ostareliya. Tafiyar ƙafa ce mai nisa, don haka ni da yaron da baffansa muka je. Daga ƙasa tarin duwatsu kawai kake gani cikin ciyawa. Da jirgin ya hau mita 60, sai ga gari ya fito a waya: ɗakuna masu kusurwa huɗu, shingen garke, hanyar da ke gangarawa rafi, da layin kunyoyin noma a jikin tudu, sun yi shekara fiye da 170 ba a taɓa su ba amma ba su baje ba. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Abba, kamar kunyar dankali a ƙauyenmu." Dankalin ne kuwa suke shukawa, da hatsin da ke jure sanyi. A kwana takwas, duka tashin da muka yi bai cika awa biyu ba.

Dawowa gida ma tana da nata. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya ta hana tashin irin wannan jirgi ba tare da izini ba, shigo da shi kuma yana buƙatar takardar amincewa daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro. Wanda ya fita da nasa ya riƙe rasidi da takardunsa a jakar hannu, wanda kuma yake shirin sayo sabo a can ya fara neman takardar kafin ya biya kuɗi.

Da muka kai wa mahaifiyata gaisuwar dawowa, aka haɗa mata bidiyon a talabijin. Tsaunukan ba su dame ta ba, tekun ma haka. Fararen ɗigo-ɗigon da ke warwatse a jikin tudu ta sa aka tsayar, ta tambaya mene ne. Aka ce tumaki ne, kuma a ƙasar sun fi mutane yawa, sama da miliyan shida ga mutum miliyan biyar da rabi. Ta matso kusa da gilashin ta duba gefe da gefe, ta ce, "To ina makiyayin?" Na ce, "Hajiya, babu. Fenti ake shafa musu a baya don a san na wane ne, a can suke kwana." Ta sa jikan nata ya mayar da wurin baya har sau uku.